Duro Ɗari Biyar da Arba'in

Shekara bakwai na yi da auren 'yarsa kafin mu yi wata magana da surukina wadda ta wuce gaisuwa. Babu faɗa a tsakaninmu, babu ƙiyayya, kunya ce kawai irin wadda muka taso muka tarar. In na je Badafi, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa in ce, "Baba, ina wuni." Shi kuma ya kau da kai gefe ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ya iyalin?" Daga nan sai shiru. Ni ina kallon tabarma, shi yana kallon bango, har in samu dabarar da zan ce bari in shiga in gaida su Inna. Malam yake kirana saboda na taɓa koyarwa a firamare shekara biyu kafin in bari in koma aikin famfo wajen yayana. Sunan ya bi ni a bakinsa har ya bar duniya.

Abin da na sani game da shi duk daga bakin matata na ji. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a Riruwai lokacin da ake haƙar kuza sosai, shi ne mai kula da injinan da ke kwashe ruwa daga ramuka. Da aikin ya ja baya ya dawo gida ya kama noman rani, albasa da tumatir, yana kuma gyara wa mutane injin ban-ruwa a fadama.

A lokacin da nake ba da labari ina aiki a wani masaukin baƙi da wani Alhaji ɗan birni ya gina a gefen hanyar da ta taso daga Bebeji ta nufi Tudun Wada. Ɗakuna goma sha biyu ne, da lambu, da tafkin ninkaya a bayan ginin. Ni ne mai kula da famfunan gidan gaba ɗaya, amma tafkin shi ne rabin aikina. Har yau ina tuna safiyoyin wurin. Nakan iso bayan gari ya waye, in ɗauki doguwar raga in bi gefe ina kwashe ganyen darbejiya da ya kwana a kan ruwa. Tsuntsaye suna sauka su sha su tashi. Ruwan garau, har kana iya ƙirga tayil ɗin da ke ƙasa. Ranar Asabar da Lahadi motoci su zo daga birni, yara su cika wurin da ihu, iyayensu mata suna zaune a inuwa suna yi musu tsawa ba sa ji.

Tsohon famfon tafkin ba shi da wata fitina. Ka kunna, ka kashe. Ƙara gare shi kamar injin niƙa, kuma sai an tayar masa da janareto. Awa shida nake barinsa kullum, ya ja ruwa daga tafkin, ya tura shi ta cikin wani babban tankin yashi da ke tace datti, ya mayar da shi. Shekara huɗu muna haka ban taɓa tambayar kaina yawan ruwan da yake ja ba, tunda ruwan yana kyau.

Da bazarar wata shekara Alhaji ya sa wa gidan sola, ya kuma sayo sabon famfo. Wani injiniya ya zo daga Kano ya ɗaura shi a wuni ɗaya. Ɗan ƙarami ne baƙi, da gilashi a kansa mai nuna lambobi, da maɓallai uku. Injiniyan ya ce wannan ba irin tsohon ba ne, ana rage masa gudu ana ƙarawa. Ya ce in riƙa barinsa a na ɗaya, mafi ƙanƙantar gudu, don kada ya zuƙe batir. Ya miƙo mini wani ɗan littafi, ya shiga motarsa ya tafi.

Na yi yadda ya ce. Na bar shi a na ɗaya, awa shida, kamar yadda na saba. Ko ƙararsa ba ka ji sai ka kasa kunne. Na yi ta yabonsa a wajen mai gadi.

Bayan mako guda ruwan ya fara dusashewa. A rana ta goma na tarar gansakuka ta fara kama kusurwoyi. Na ƙara maganin ruwa, ya washe kwana ɗaya ya koma. Kafin mako biyu ya cika tafkin ya zama kore kamar kududdufin bayan gari, baƙi suna leƙawa suna komawa ɗaki. Manaja, wanda mutum ne mai haƙuri, ya fara amsa gaisuwata a gajarce. Ya kuma sanar da ni cewa Alhaji zai zo ranar Asabar mai zuwa da iyalansa da na abokansa.

Na kira injiniyan a waya. Ya ce, "Lita nawa yake bayarwa a minti?"

Na ce, "Ai abin da zan tambaye ka ke nan."

Ya ce wannan ya danganta da tsawon bututu da faɗinsa da yawan lanƙwasarsa, sai an sa mitar awon ruwa za a sani, kuma shi yana wani aiki a nesa, sai bayan mako biyu. Ya ce in duba littafin. Na duba. Wasu layuka ne a lanƙwashe suna haye juna, na juya shi sama na juya shi ƙasa ban fahimci wanne ne namu ba.

A satin nan matata ta je Badafi suna. Ban aike ta da komai ba, amma ta gaya wa mahaifiyarta cewa na daina cin abinci saboda wani inji. Ita kuma Inna ta kai maganar gaba.

Ranar Talata da hantsi ina tsugune a bakin tafkin ina goge gansakuka da buroshi, mai gadi ya zo ya ce wani dattijo yana sallama da ni a ƙofa. Na fita hannuna duk kore. Sai ga Baba tsaye kusa da babur ɗin maƙwabcinsa da ya kawo shi, da shuɗiyar riga da wata tsohuwar jakar fata a kafaɗa. Na zaci wani abu ne ya faru a gida. Na zube a ƙasa ina gaisuwa.

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Tashi. An ce injinku ya ƙi."

Na ce, "Bai ƙi ba, Baba. Yana aiki, ruwan ne dai..."

Ya ce, "Mu je in gani."

Na wuce gaba yana biye da ni. Da muka zagaya bayan ginin ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon tafkin daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Wa yake shan wannan?"

"Ba a sha, Baba. Wanka ake yi a ciki, ninkaya."

"Duk wannan?"

"Duk."

Ya girgiza kai a hankali. Na san albasarsa yake tunawa, da yadda suke rabon ruwa a fadama a irin wannan watan.

Ɗakin famfon ƙarami ne ƙwarai, mutum biyu in sun shiga sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Na tsaya a ƙofa, ya ce in shigo, ai ba zai iya tambayar inji ba. Ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan famfon, ya sunkuyar da kunne.

"Wannan a kunne yake kuwa?"

Na danna na biyu, ƙara ta ɗan tashi. Na danna na uku, bututun ya fara rawa. Ya ja baya kaɗan, idonsa ya buɗe. Ya sa na sake yi har sau biyu.

Ya ce, "To, na gane. Na ɗaya tafiya yake yi, na biyu sassarfa, na uku gudu. Kai a wanne ka bar shi?"

"A tafiya."

"Awa nawa?"

"Shida, kamar tsohon."

"Shi tsohon tafiya yake yi ko gudu?"

A nan na fara hango inda maganar ta dosa.

Ya ce, "Tafkin nan duro nawa yake ci?"

Nan ma ban sani ba. Shekara huɗu ina kwashe masa ganye ban san cikinsa ba. Na ɗauko tef ɗin awo, mai gadi ya riƙe mini baki ɗaya. Tsawo mita goma sha biyu, faɗi shida. Zurfi kuma na auna da gorar ragata: wajen yara mita ɗaya, can ƙarshe mita biyu, ƙasan yana gangarawa daidai, don haka na ɗauki ɗaya da rabi a matsayin tsakiya. Ina wannan, Baba yana nasa. Ya taka tsawon da ƙafa, ya taka faɗin, ya karɓi gorar ya nutsa ta ya duba inda ruwa ya jiƙa. Kafin in gama lissafi a waya ya ce, "Ya fi ɗari biyar, bai kai ɗari shida ba."

Lissafina ya ba ni lita dubu ɗari da takwas. Duron mai yana cin lita ɗari biyu. Na raba, ya fito ɗari biyar da arba'in. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani, ya ce a nemo duro wanda babu komai a ciki, da tiyo mai kauri.

Akwai wani bututu da muke zubar da ruwan datti ta cikinsa zuwa bayan katanga. Shi na nufa da duron, don ya fi sauƙi. Baba ya ce in dakata. Ya bi bututun da yatsa tun daga famfon har inda ya fita, ya dawo ya bi ɗayan.

"Malam, wannan hanyar ba ta bi ta cikin yashi ba, kuma gangara ce. In ka auna a nan injin zai yi maka ƙarya, zai nuna maka ƙarfin da ba shi da shi. Inda yake shan wahala, can za mu tare shi."

Don haka muka kwance mahaɗar da ke bayan tankin yashi, inda tataccen ruwa yake kama hanyar komawa tafki, muka ɗaura tiyo a wurin, muka ja shi zuwa bakin tafkin inda muka girke duron. Ya ce ko hakan ma ba daidai-daidai ba ne, don tiyo ba bututu ba ne, amma ya yi kusa. Aikin ya kasu uku: mai gadi a ɗakin famfo yana danna maɓalli, ni da agogon waya, Baba riƙe da bakin tiyo. Ya ce a bar ruwan ya zuba a tafki tukuna har ya daidaita, sannan ya juya shi cikin duro in fara ƙirga.

Muka fara da gudu. Duron ya cika a daƙiƙa hamsin da biyar. Baba ya yamutsa fuska. Ya ba ni tiyon ya koma ɗakin, ya tsaya gaban ɗan agogon awon matsin ruwa da ke kan tankin yashi, ya ƙwanƙwasa gilashinsa da farce. Allurar ta haura sama sosai.

"Yaushe rabonka da wanke yashin nan?"

Na ce shekaranjiya. Ana wanke shi ne ta hanyar juya ruwa ya bi ta baya ya ɗago dattin ya fitar.

"Da wane gudun ka wanke?"

Na ce da tafiya.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Ruwan da ke tafiya a hankali ba zai ɗaga yashi ba, shafa shi zai yi ya wuce. Sa masa gudu mu gani."

Na juya hannun tankin, na danna na uku. Abin da ya fito ta bayan katanga sai da ya ba ni kunya: baƙi-baƙi, kore-kore, mai kauri kamar kunu. Mun fi minti biyar kafin ya washe. Da muka mayar da komai, allurar ta sauko ƙasa. Muka sake awo, duron ya cika a daƙiƙa arba'in.

Ya ce, "Sake. Na ga hannunka ya makara."

Muka kifar da duron cikin tafki muka sake. Arba'in da ɗaya. Muka sake, talatin da tara. Ya ce mu riƙe arba'in. Na lura duk lokacin da nake kallon waya shi ma leɓensa yana motsi, yana ƙirga nasa a zuci, kuma bai taɓa kauce wa agogon da fiye da daƙiƙa biyu ba.

A awon sassarfa ne abin ya faru. Mai gadi ya rikice, maimakon na biyu ya danna na uku daidai lokacin da Baba ya saki hannu ɗaya yana gyara hula. Tiyon ya ƙwace, ya yi tsalle kamar maciji, ya wanke shi tun daga hula har takalmi. Ban san ko in kama tiyon ba, ko in ba da haƙuri, ko in gudu. Hular ta faɗa tafki tana yawo. Baba ya tsaya ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya kalli rigarsa, ya kalle ni, sai ya fashe da dariya. Dariya sosai, har da riƙe gwiwa. Shekara bakwai ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya ce, "A Riruwai wani ya taɓa kayar da ni cikin rami, wannan ai gaisuwa ce." Na kamo hular da raga na miƙa masa, ya matse ta ya mayar kansa a jiƙe.

Sassarfa ta ba mu daƙiƙa sittin. Tafiya kuwa sai da muka gaji da tsayuwa: casa'in.

Aka kira azahar muka yi salla a ɗan masallacin ma'aikata, rigarsa tana shanye a kan igiya, yana sanye da wata tawa ta aiki da ta yi masa gajarta. Bayan mun idar mai dafa abinci ta aiko da shinkafa da wake a faranti ɗaya, cokali biyu. Na ce ni na ƙoshi. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba.

Ya ce, "Malam, a Badafi ni surukinka ne. Nan kuwa inji naka ne, ni lebura na zo. Zauna ka ci."

Na zauna. Na ci, amma ban san ɗanɗanon abincin ba.

Da muka gama ya ce yanzu saura aikin malamai. Na samo guntun gawayi na rubuta a bangon ɗakin famfo. In duro yana cika a daƙiƙa arba'in, a awa ɗaya duro casa'in ke nan. Sassarfa, duro sittin a awa. Tafiya, duro arba'in. Sai na yi lissafin abin da na yi ta yi mako biyu: arba'in sau shida, ɗari biyu da arba'in. Na karanta masa.

Ya ce, "Cikin ɗari biyar da arba'in. Ko rabi ba ka tacewa, ga yashi a toshe, ga zafin bazara. Ai ruwan nan ya yi maka kara da bai fi haka ba."

Muka zauna tsara yadda za a yi. Ni na so in mayar da shi gudu awa shida in huta, tunda casa'in sau shida ya ba da adadin cif. Ya ce a'a, in duba gilashin in gaya masa wutar da yake ci a kowane gudu. Na duba. A tafiya abin da yake ci bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake ci a gudu ba, alhali ruwan da yake bayarwa ya kusa rabi. Ya sa na maimaita masa. Ya ce da injinan fadama haka suke da manoma sun huta. Shawararsa ita ce a bi rana: da safe kafin ta yi ƙarfi a bar shi yana tafiya awa uku, in ta take ya yi gudu awa huɗu, da yamma ya yi sassarfa awa biyu. Na tara, ya ba da ɗari shida.

Na ce, "Ya wuce da sittin, Baba."

Ya ce, "Bar shi ya wuce. Ruwa ba layi yake bi ba. Wani zai shiga injin sau biyu, wani yana can kusurwa ko sau ɗaya bai shiga ba. Kuma awon namu na duro ne, ba na mita ba."

Amma kafin a hau wannan tsarin, ya ce sai an fara korar koren. A sa magani sosai, a goge bango, a bar injin a gudu tun safe har yamma, kullum a wanke yashi. Manaja ya yarda a tayar da janareto in batir ya gaza. Da la'asar maƙwabcin ya dawo daga kasuwa ya ɗauke shi. Na raka su har titi.

Ranar Laraba koren ya koma fari-fari kamar an zuba nono. Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi ya dawo, wannan karon a motar haya, wai ya zo ya ga ko lissafin ya yi gaskiya. Babu wani aiki da ya rage sai jira, don haka muka zauna a ƙofar ɗakin famfo, shi a kan bokiti ni a ƙasa. A ranar ya ba ni labarin Riruwai. Ya ce akwai ramin da in inji ya tsaya awa ɗaya da damina, ruwa zai kai wa mutum ƙirji. Ya ce mutane daga ko'ina suke, kowa da yarensa, amma in aka ji ƙarar inji ta canza kowa ya san abin da ake nufi. Ya gaya mini yadda wani tsohon makaniki da ba ya jin Hausa sosai ya koya masa awo da duro, da nuni da hannu kawai. Ya ambaci abokansa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun rasu. Ni dai ina saurare, lokaci-lokaci in tashi in leƙa allura in dawo. Kafin ya tafi mun fara hango tayil a wajen yara.

Ranar Asabar Alhaji ya zo da mutanensa mota huɗu. Ya zagaya bayan gini, ya kalli tafkin, ya tambaye ni ko an gyara famfon ɗaki na tara. Bai ce komai game da ruwan ba, yara kuwa tun kafin a sauke kaya sun faɗa ciki. Injiniyan ya zo bayan mako uku da mitarsa. Ya ɗaura, ya kalli lambar, ya kalli gawayin da ke bango, ya ce namu ya ɗara nasa kaɗan, amma ba abin da zai sa a canza tsarin. Ya ɗauki hoton bangon da wayarsa.

Na zaci daga nan komai zai canza tsakanina da Baba. Da na je Badafi da ƙaramar salla na cire takalmi a ƙofar zaure, na durƙusa, ya kau da kai ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ya iyalin?" Muka yi shirunmu kamar yadda muka saba. Sai da na miƙe zan shiga ciki ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Allurar tana ina?" Na ce tana ƙasa. Ya ce madalla.

Amma masaukin ya ci gaba da zuwa, kamar sau ɗaya a wata biyu, kullum da dalilinsa: ya zo sayen iri, ya zo duba wani mara lafiya, hanya ce ta biyo da shi. A can mukan yi hira har ta awa biyu.

Zuwansa na ƙarshe da kaka ne, ranar wata Litinin, babu baƙo ko ɗaya a gidan. Bayan la'asar muna tsaye a bakin tafkin, ruwan ya kwanta lumui, rana tana haska ƙasansa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Malam, akwai mai zuwa nan yanzu?"

Na ce babu, manaja ya tafi Tudun Wada, mai gadi yana ƙofa.

Ya cire hula ya ajiye a kan kujera. Ya fara cire riga. Da na gane abin da yake shirin yi na juya baya da sauri na fuskanci katanga. Na ji ya ce bismillah, sannan na ji ruwa ya tsage. Mutumin ya haura saba'in, kuma ta wajen mai zurfi ya shiga. Na ɗan waiga ta gefen ido. Sai na gan shi yana tafiya a kan ruwa a kwance, hannu yana bin hannu, ba gaggawa ba fantsama, farin gemunsa yana gaba. Na mayar da fuskata ga katanga. Ina jinsa ya kai ƙarshe ya juyo, ya sake kaiwa ya juyo. Sau huɗu na ƙirga. Can na ji ya fito yana haki yana dariya ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Na miƙa masa tawul ta baya ban juyo ba.

Da ya shirya ya ce, "Ruwan yana da daɗi. Kada ka gaya wa Uwata." Haka yake kiran matata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Ya rasu da daminar da ta biyo baya, bayan gajeriyar jinya. Ni ma ban daɗe ba na bar masaukin na koma aikin rijiyoyin burtsatse, gidan kuma ya canza hannu. Na riƙe masa maganar har bayan sadakar arba'in. Wata rana da yamma matata tana tsince shinkafa a tsakar gida na gaya mata. Ta ajiye faifan ta kalle ni, ta ce ƙarya nake yi, Baba ko a fadama ba ya shiga ruwa ya wuce gwiwa. Na rantse mata. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta share ido ta tambaye ni da wane wando ya shiga. Na ce wannan ban sani ba, katanga nake kallo.